Mai Kunne da Akwatin Rediyon da Aka Yanka

Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi. Daga gare shi muka fito, wurinsa kuma muka dosa. Ina tsaye a shagona da zarto a hannu babbar 'yarka ta buga mini waya, ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na kashe wayar. Na bar zarton a cikin katakon, na fito na tsaya a bakin shagonka da ke jikin nawa, na daɗe ina kallon kwaɗon da ke rataye a ƙofar.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne mai gyaran rediyon nan da duk layinmu ke kira Mai Kunne. Ni kuwa kafinta ne, maƙwabcinka na shago tun gashin kanmu yana baƙi. Bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma bai taɓa hana mu hira ba. Na san ana rubuta ta'aziyya ne don a faɗi alherin mamaci, kuma naka ya fi ƙarfin wannan takarda. Amma gara in faɗa tun yanzu: akwai wanda ya ci amanarka a ƙarshen rayuwarka, ya kuma zo gidanka ya fi kowa kuka. Ban ɗauki alƙalami don in rufa masa asiri ba.

Bari dai in fara da kai.

Sunan Mai Kunne ba a banza ya bi ka ba. Idan aka kawo maka rediyo, ba ka saurin kwance shi. Sai ka kunna, ka rufe ido, ka karkatar da kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa, can sai ka ce ga inda ciwon yake. Da wuya ka yi kuskure. Ba ka yarda a ce rediyo ya mutu, cewa kake suma ya yi. Ni kuma ka sa mini suna Sarkin Ƙara, wai gudumata ce babbar jarabawar da Allah ya ɗora wa sana'arka. Idan kana sauraron wani abu mai wuya, sai ka ƙwanƙwasa bango da gindin sukudireba, in ajiye guduma in jira. Wani lokaci har ka gama ka manta ba ka sallame ni ba, in leƙo in tarar kana shan shayi, ka ce ai shirun ne ya yi maka daɗi.

Shekarar da injin yankan katako ya yanke ni a hannu, kai ka naɗe shi da rigarka ka kai ni asibiti. Da aka ce sai na daɗe ban riƙe guduma ba, ka riƙa buɗe shagona tare da naka kowace safiya, don kada masu kawo aiki su ga ƙofa a rufe su sauya wuri. Har ka yi ƙarfin halin haɗa wa wata mata kujerar zaman kicin. Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, ka ce mata haka ake yayi yanzu. Matar ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauki abarta a haka. Bakin shagonka kuwa ya zama majalisar tsofaffi. Mai gadin layinmu yana da wani ɗan rediyo da aka ɗaure da roba, ka gyara shi har ba a san iyaka ba, kuma kullum kai ke yi masa godiya, wai ya ba ka abin motsa hannu. Ban taɓa jin wanda ya zo wurinka da damuwa ya tafi da ita yadda ya zo da ita ba.

Babban alherinka kuwa ga ɗan ƙanwarka ka yi shi. Da uwarsa ta rasu ta bar shi ba mai kula, kai ka je ka ɗauko shi da 'yar jakarsa. Matarka, wadda muke kira Malama saboda koyarwar da ta yi a makaranta, ta haɗa shi da 'ya'yanta, kwano ɗaya, ɗaki ɗaya, har baƙo ba ya iya bambancewa. Ka koya masa sana'a tun daga yadda ake fere waya. Da ya girma ya ce zai buɗe nasa shagon a babban titi, ka ɗauki mitarka ta gwajin wuta da ka fi ji da ita da rabin kayan aikinka ka ba shi, ni kuma na buga masa katakan jera kaya saboda kai. Allah ya buɗa masa. Ya koma sayar da talabijin da wayoyi da manyan sifikoki, ya yi mota, ya yi tumbi, mutane suka fara ce masa Injiniya. Duk wanda ya yaba shi a gabanka, sai ka gyara zama kamar kai aka yaba.

Yanzu ga maganar akwatin.

A falonku akwai wani dogon akwatin rediyo na katako, irin na da, mai ƙafa huɗu, wanda ka saya shekarar da kuka yi aure. Rediyo a tsakiya, garmaho a sama a ƙarƙashin murfi, sifika biyu hagu da dama a bayan wani ƙyalle mai ruwan ƙasa. Idan aka kunna shi sai ya ɗan yi jim, kwalaben cikinsa su yi ja, sannan murya ta fito a hankali, mai kauri, ta cika ɗakin. A matsayina na kafinta ban taɓa shiga falon nan ban shafa shi ba. Katakon kirki ne, haɗin kirki, ba ƙusa ko ɗaya a fuskarsa. A kusurwar murfinsa ta dama akwai tabon dutsen guga, wanda Malama ta ɗora da zafinsa tana amarya, kuka yi ta tsokanar juna a kai har tsufa.

Da ciwon sukari ya cinye idon Malama, akwatin nan ya zama abokin zamanta. Mace ce da ta saba da karatu, rana ɗaya littafi ya gagare ta. 'Ya'yanku sun sayo mata waya mai gilashi, amma ta ce abin sumul yake, yatsa ba ya samun abin kamawa. Akwatin kuwa ta san shi kamar tafin hannunta. Ta san inda makunni yake, ta san iya murɗawar da za ta kai ta tashar labarai, ta iya ɗora faifai ta sauke allura ba tare da ta kira kowa ba. Shi kaɗai ne abin da ya rage a gidan da take sarrafawa da kanta.

Sai dai sifikokin sun tsufa. Takardarsu ta bushe ta yage, murya ta koma kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. A daidai lokacin ne kuma likita ya gaya maka zuciyarka ta yi rauni. Ba ka faɗa wa kowa a gida yadda abin ya kai ba, ni ka faɗa wa, muna zaune a kan bencina. Ka ce ba tafiyar ce ke damunka ba. Ka ce, "Idan na tafi, ɗakin nan zai yi mata shiru. Ina so in bar mata murya mai kyau."

Tun daga ranar ba ka da wani aiki sai wannan. Muka kwance bayan akwatin tare, ka ciro tsofaffin sifikokin, ka share ƙurar da ta taru. Ka yi ta yawo shago-shago kana neman waɗanda ƙarfinsu zai yi daidai da na injin, don ka ce idan aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa kwalaben za su ƙone, kuma irinsu ba a samu yanzu. Da ka samo sababbin, sai suka zamana sun fi ramukan ƙanƙanta. Na ce a sauya allon gaban gaba ɗaya, ka harare ni kamar na ce a yanke wa mutum kunne. Ka ce zarto ba zai taɓa fuskar akwatin nan ba. Dole na yanko zobba biyu na falanki, na goge su, na huda, muka ɗaura sifikokin a jikinsu yadda za su zauna a tsohon gurbi daram. Ka gwada su a kan teburinka, ka rufe ido, ka karkatar da kai, na ga murmushin da na daɗe ban gani ba. Har auduga ka tanada da za ka shimfiɗa a ciki don kada katakon ya riƙa amsa kuwwa.

Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, a liƙe wayoyi da dalma, a sauya wasu ƙananan kaya a cikin injin. Nan ne hannunka ya ƙi. Magungunan da kake sha sun sa shi rawa. Na ga ka ɗauki ƙarfen narka dalma, ka kai shi bakin waya, ya kauce ya ƙona maka yatsa. Ka sake, dalmar ta ɗiga inda ba a so. Ka ajiye ƙarfen ka zuba wa hannunka ido, ni kuma na kau da kai kamar ina neman wani abu a ƙasa.

Ana cikin haka Injiniya ya zo gaishe ku, ya tarar da akwatin a buɗe. Ya zagaya shi, ya leƙa cikinsa, ya ce, "Kawu, ina raye za ka wahalar da kanka? Bar mini shi, kafin mako ya zagayo na dawo da shi yana magana." Ka ji daɗi har ka kasa ɓoyewa. Washegari ya turo a-kori-kura aka ɗauki akwatin, da sababbin sifikokin, da zobbana a jikinsu, har da audugar. Da yamma ka ƙwanƙwasa mini bango ka ce, ka gani, wanda ya shuka bishiya shi ke shan inuwa.

Mako ya zagayo, wata ya zo ya wuce, wani ya bi shi. Yau a ce ana jiran wani kaya, gobe a ce yaron da ke aikin ya yi tafiya, jibi a ce saura folish kawai. Daga baya ma ya daina ɗaukar wayarka. A falo kuwa ba abin da ya rage sai shaidar ƙafafun akwatin a jikin leda. Malama ba ta yi ƙorafi ba. Tana zama dai a kujerarta tana fuskantar wurin, kai kuma ka zauna kusa da ita kana karanta mata jarida har numfashinka ya gaza. Na ce mu je shagon mu ɗauko abinmu ko an gama ko ba a gama ba, ka ce a'a, yaron yana da hidima da yawa, kada mu kunyata shi a gaban ma'aikatansa.

Ranar da asiri ya tonu ina nan, don ni na raka ku asibiti. Da muka fito, 'yarka ta tsaya karɓar magani, rana kuma ta yi zafi, sai muka shiga wani sabon gidan cin abinci da ke tsallaken titi don ku zauna. Wurin an ƙawata shi da tsofaffin kaya, tsohon keken ɗinki a nan, tsohuwar fitila a can. Malama ta ce tana so ta wanke hannu, ka riƙe ta kuka nufi wurin wankin, ina bayanku. Ta miƙa hannu tana neman famfo, sai tafinta ya sauka a kan katako. Na ga ta tsaya. Ta shafa gefensa, ta bi shi har kusurwar dama, yatsanta ya tsaya a kan tabon dutsen guga. Ta ce a hankali, "Malam, wannan ai namu ne."

Shi ne. An yanke tsakiyar murfin da zarto an dasa kwanon wanke hannu. An huda bayansa an zura bututu. An yage ƙyallen gaban, an kwashe rediyo da garmaho da kwalabe kaf, a gurbinsu an ajiye bokiti da tsumman goge ƙasa. Ruwan sabulu yana bin jikin katakon yana ɗiga, fuskar ta fara kumbura. Wanda ya yi yankan ko layi bai ja ba.

Na kira mai wurin, na tambaye shi inda ya samo. Mutumin kirki ne, bai san komai ba. Ya ambaci shagon Injiniya, ya ƙara da cewa, "Ya ce na wani kawunsa ne da ya rasu, iyalin suka rasa yadda za su yi da shi." A gabanka ya faɗi haka, kana tsaye da ƙafarka, kana riƙe da hannun matarka. Na ji jinina ya hau kai. Kai kuwa ka ce, "Bai yi ƙarya ba. Gaggawa kawai ya yi." Ka ja Malama kuka fita, ba ta ma wanke hannun ba.

Da labari ya kai wa Injiniya, ya zo gida. Ba don ya ba da haƙuri ya zo ba. Ya zo da wata 'yar baƙar sifika kamar gwangwanin madara, ya ce ana haɗa ta da waya, ta fi wancan tarkacen sauti. Ya ce gara ta riga ta ci akwatin, alhali ni da na kwance bayansa na san ko ƙwaro ɗaya babu. Ya ce kayan cikin sun mutu, wani mai tara tsofaffin kaya ya roƙa ya ba shi. Ya ce zamani ya wuce wurin, ya kamata ku waye. Ya ɗora abin a cinyar Malama, matar da ta wanke masa kaya ta yi jinyarsa yana ƙarami. Ta jujjuya shi a hannu, ta shafa sama ta shafa ƙasa, ta tambaya ina abin murɗawa. Ya yi dariya ya ce ai babu. Ta ajiye shi a ƙasa kusa da ƙafarta.

Ba zan ce shi ya kashe ka ba. Ajali na Allah ne, kuma likita ya riga ya faɗi nasa. Amma na san mutumin da ya shiga gidan cin abincin nan, na kuma san wanda ya fito. Daga ranar ba ka sake buɗe shago ba. Bango ya daina ƙwanƙwasuwa, na riƙa buga gudumata ba mai tsayar da ni, har na tsani ƙararta. Da na zo duba ka na ce ka ba ni izini in je in same shi, ka kama hannuna ka ce, "Ƙyale shi, Sarkin Ƙara. Ɗan ƙanwata ne. Idan na haɗu da uwarsa me zan ce mata?" Na ce to. Na haɗiye, na kuma yi maka biyayya iya tsawon ranka. Amma ka sani, abokina, alkawarin nan a bakin kabarinka ya ƙare.

Bayan mun dawo daga binne ka, muna zaune ana karɓar gaisuwa, sai ga Injiniya ya fito daga mota da farin kaya, yana kuka har ana riƙe shi, yana cewa ya rasa uba. Waɗanda ba su sani ba suna ta ba shi haƙuri. Ya bi layi yana gaisawa har ya iso kaina, ya miƙo hannu. Ban karɓa ba. Na tambaye shi, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, "Wane kawun ne ya rasu yau? Ko wancan ne da ka ce ya rasu tun watannin baya?" Kukan ya tsaya cak. Mutane suka juyo. Ni kuwa na gyara zama na ba su labari tun daga farko, ban rage ba ban ƙara ba, yana tsaye da hannunsa a miƙe har ya ga ba inda zai kai shi sai aljihu. Bai kai ƙarshen zaman ba ya sulale. Wasu sun ce ba wurin ba ne. Na ce shi ma gidan cin abinci ba wurin sanar da mutuwar mai rai ba ne.

Ban tsaya nan ba. Wani daga cikin waɗanda ka koya wa aiki ya gaya mini inda sababbin sifikokin suke. Ashe bai sayar da su ba. A saman ƙofar shagonsa ya rataye su, suna ta kwarara tallar wayoyi ga masu wucewa, zobbana na falanki suna nan a jikinsu ko cirewa bai yi ba. Abin da ka zaɓo da kunnenka don ɗakin matarka, shi ke kiran kasuwa a bakin titi. Na ɗauki tsanina da sukudireba da rana tsaka, wasu daga cikin almajiranka na sana'a, waɗanda yanzu duk magidanta ne masu shagunansu, suka bi ni. Suka riƙe mini tsani na hau, na cire waya, titin ya yi tsit. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya na miƙo ƙasa. Ya fito yana cewa zai kira 'yan sanda. Na ce masa daga kan tsanin ya kira, ni kuma zan kawo Malama ta yi musu bayani da bakinta. Ya dubi mutanen da suka taru, ya koma ciki ya turo ƙofa.

Sauran aikin ba ni na yi ba, alherinka ne ya yi. Masu yi masa gyara a bayan shago kusan duk ta hannunka suka bi, ko ta hannun wanda ka koya wa. Sun tattara kayan aikinsu sun fita. Masu gyara na layinmu da na sauran layuka sun daina karɓar aikinsa, sun daina tura masa mai saye. Idan ya shigo layin neman wani kaya, sai kowa ya sunkuya a kan teburinsa. Ni kuma duk wanda ya zo shagona, ko ƙusa ya zo nema, ba ya fita sai ya ji labarin. Zan ci gaba da faɗa har ranar da za a ɗauke ni.

Dattawan layi sun zo sun same ni. Sun ce wanda aka yi wa ya yafe, ni mene ne nawa. Na girmama su, na ba su wurin zama, na ce gaskiya ne ka yafe, kuma halinka ne, Allah ya ba ka ladan. Amma naka kaɗai ka yafe. Haƙƙin Malama yana nan, kuma har yau Injiniya bai je ya durƙusa a gabanta ba. Ya aiko a roƙe ni in yi shiru, bai aiko a roƙe ta gafara ba. Kunyar mutane ce ke damunsa, ba abin da ya yi ba. Masu magana sun ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ni ba malami ba ne, ban san matsayin zancen ba, amma na san idan aka bar irin wannan ya wuce a shiru, gobe wani ma zai yi wa nasa kawun.

Mai gidan cin abincin, Allah ya saka masa, da ya ji ka rasu ya sa aka cire kwanon da bututun, ya kawo akwatin har ƙofar shagona da kansa, yana ta ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Yana nan yanzu a kan bencina yana bushewa. Kayan cikinsa sun tafi ke nan, ba a san hannun da suka faɗa ba. Almajiranka suna ta tonon shagonka suna haɗa wani injin daga abin da ka tara, sun ce zai yi, amma zai ɗauki lokaci, kuma sun yi alkawarin makunni da abin murɗawa za su koma daidai inda yatsun Malama suka san su. Ramin da aka yanka a murfin zan iya cike shi yadda ba mai ganewa, ka san hannuna. Ba zan yi haka ba. Da farin katako zan cike shi, a tsakiyar baƙin katakon murfin, yadda duk baƙon da ya shiga falon nan sai ya tambaya me ya sami wurin. Na gaya wa Malama niyyata. Ta ce in bar bakin haɗin yadda yatsa zai ji shi.

Har yanzu dai ɗakin shiru yake. Jiya na je gaishe ta na tarar da ita a kujerarta, tana fuskantar wurin da babu komai. Abin da ka ji tsoro shi ya faru, kuma ba ciwo ne ya jawo shi ba, mutum ne.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san bai taɓa mayar da mai buƙata ba, ka san marayan da ya riƙa, ka san abin da ya haɗiye ya yi shiru. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya masa makwanci. Ka sa ciwon da ya sha da baƙin cikin da ya ƙunsa su zama kaffara gare shi, ka haɗa shi da iyayensa da ƙanwarsa a gidan rahama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama, Allah ya ba ki haƙuri da juriya, ya zama gatanki, ya sa hasken da kika rasa a nan ki same shi ninki a can. Ina yi wa babbar 'yarsa da ƙannenta ta'aziyya, ku riƙe uwarku, kada ku bar ta ita kaɗai a falon nan. Ina yi wa jikokinsa, da almajiransa, da tsofaffin bakin shagonsa, da duk mutanen layinmu. Ni ma a yi mini, don na rasa wanda ban da kamarsa.

Shi kuwa Injiniya, ba na roƙa masa talauci, ba na roƙa masa ciwo. Allah ya ja kwanansa, ya kai shi tsufa. Ranar da hannunsa ya fara rawa, ya ɗauki abin da ya fi so a duniya ya rasa yadda zai yi da shi, Allah ya turo masa ɗa irinsa, ya ce masa bar mini.

Kai kuwa ka huta, abokina. Allah ya jiƙanka, ya kyautata namu bayan naka. Amin.